Masu Bin Ƙanshi

Ruwan da ke cikin butelin nan ba na Isa ba ne.
Malam Sumana ya zo da shi daga gaɓar teku,
kwana uku a mota, naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma,
daga gindin itatuwan da ke tsaye bisa ƙafafu cikin laka,
gishiri na wanke masu gwiwa safe da maraice.
Ba mu da sunansu a Hausa.
Na faɗa wa Inna na boko a waya, ta ce,
"Mangwaro na? To ki aiko muna Tawa."

Ƙarfe biyu na rana a Harobanda,
fanka na tuƙa zafi kamar tuwo.
Na ɗiga ɗigo guda bisa gilashi, na sunkuya,
sai ga gari ya buɗe ƙarƙashin idona.
Ƙwayoyi ne, ɗari uku a jere
ba su kai tsawon ƙwayar hatsi ba.
Kowace da wutsiya biyu,
mai gashi tana ja, sumul ɗin tana bin baya.
Ba ido, ba kunne,
ba hanci ko na rantsuwa.

Na tsoma masu bututu biyu, tsinken tsintsiya ya fi su kauri.
Ɗaya ruwan gishiri zalla.
Ɗaya na ɗura masa romon ruɓaɓɓen ganye,
wanda ya faɗo daga itacen gidansu.
Na duba agogo. Na jira.

Da fari yawo kawai suke, kowa da gabansa.
Can sai wata ta karkata.
Ba ta miƙe sak ba:
ta yi gaba, ta ɓata, ta juya,
inda ɗanɗano ya yi kauri ta daɗe,
inda ya tsinke ta sake shawara.
Kafin kiran la'asar bakin bututun ya yi baƙi,
kamar awaki sun ji an kwance buhun dusa.

Na ƙirga, don ƙirga ce aikina.
Ɗari biyu da sha huɗu a ƙofar ganye.
Tara a ƙofar da babu kome.
Na rubuta tara, na daɗe ina kallonta.

Abarshi ma bai taɓa ganin teku ba lokacin da ya tashi.
Turare ne ya zo masa a jikin rigunan 'yan cirani,
da warin sabuwar atamfa, da man babur.
Ya bi, daga inda ya tsinke zuwa inda ya yi kauri,
Ƙonni, Doso, Gaya, har Abijan.
Littafi ya ce idan ƙwaya ta isa ganyenta
sai ta zubar da wutsiyoyin, ta lafe, ta kafa saiwa,
iyo ya ƙare.
Damina goma sha ɗaya ke nan.
Inna na ajiye masa kasonsa na wake har ya yi ƙwari.

Kuran ya ɗauke.
Garin da ke ƙarƙashin idona ya mutu da fitilarsa,
amma na san suna can cikin duhu suna tafiya,
su da ma ba da haske suke gani ba.

Na rufe ɗaki, na haye gada da ƙafa.
Kogi ya janye, tsibirai sun fito shan iska.
Kusa da Katako wata babbar mota ta wuce ni,
ta yi lodin albasar Galmi har wuya,
rana ta dafa buhunan sama, suna tsiyaya.
Mutane na toshe hanci.

Ni kuwa sai da na wuce kwanar gidanmu da layi biyu
kafin na lura da inda ƙafafuna suka nufa.